Ya Sauka Kafin a Kunna

Shugaba, bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙonku ku yi haƙuri da wahalar da zan ba ku. Na san a kwanakin nan ko abinci a tsaye kuke ci, balle a zo muku da doguwar takarda daga macen da ba ta saba rubutu ba in ba na allo ba. Amma ku kuka aiko cewa ƙungiyar ma'aikatan wuta tana son wani cikin dangi ya rubuta 'yan kalmomi a kan Yaya, a karanta a taronku na ranar Alhamis, kafin ku fita zanga-zangar hana sayar da kamfanin. Matarsa ba ta cikin halin riƙe alƙalami. Babban ɗansa ya ce, "Goggo, ke kika fi kowa daɗewa da shi." Shi ya sa abin ya faɗo kaina. In na yi tsawo ku gafarta mini. In kuma kun ci karo da abin da ba shi kuka sa ran ji ba, don Allah ku kai ƙarshe kafin ku yi fushi.

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Allah ya karɓi ran yayana, wanda a wurin aiki kuke ce wa Baba Tsani, ranar Talata sha biyu ga watan Rajab, jim kaɗan bayan la'asar, a bakin titinmu, da kayan aiki a jikinsa. Washegari da safe aka kai shi makwancinsa. Jama'ar da ta taru har ta hana motoci wucewa. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Yaya, yau ni ce zan yi magana kai ka yi shiru, abin da ba mu saba ba.

Tun muna makarantar allo aka san zama wuri ɗaya ba rabonka ba ne. In Malam ya waiwaya bai gan ka ba, sama yake dubawa, don ya san kana kan itacen tsakar makaranta. Ni na zauna har Allah ya nufa na yi sauka, kai kuwa ka tsaya a tsakiyar hanya ka bi masu jan waya. Har ka yi furfura ba ka daina tsokanata da wannan ba. Kakan ce, "Ke sau ɗaya kika yi sauka, duk dangi suka taru ana yi miki barka. Ni kullum sai na yi sauka, ko ruwa ba mai ba ni."

Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa sabawa da aikinka ba. In fitila ta yi ƙifce a ɗaki sai ta dafe ƙirji ta hau salati, kamar kai ne a cikin ƙwan. Saboda haka ka ɗaukar mata alkawari: duk ranar da ka hau turke, ba za ka wuce gida ba sai ka biyo ta ƙofarta ka ce, "Inna, na sauka." Ba ka taɓa saɓawa ba, ko ruwa ake sheƙawa. Da ta rasu na ɗauka maganar ta bi ta. Sai ga wayata tana ƙara da yamma, na ɗauka, na ji ka ce, "Na sauka," ka kashe. Ba gaisuwa, ba komai. Na kira ka na ce, Yaya, ni ba Inna ba ce. Ka ce, "To wa zan gaya wa?" Tun daga ranar kalmar ta zama tawa.

Alherinka ba na ƙirgawa ba ne, kuma da kana ji da ka hana ni. Amma akwai tsohuwar da ke kusa da gidanka, wadda ta yi imani cewa wutar garin nan gaba ɗaya a aljihunka take. In an ɗauke, sai ta fito da sandarta ta tsaya a ƙofarka tana faɗa, wai ka kashe mata fanka don mugunta. Ba ka taɓa yi mata bayanin cewa ba kai ba ne. Sai ka fito ka durƙusa ka ce, "Ki yi haƙuri, Baaba, barci ta yi, yanzu zan je in tashe ta." Ranar jana'izarka ita aka fi jin kukanta. Akwai damina da iska ta tsinke wayar da ke kai wuta ƙaramin asibitin haihuwa na bayan gari, ranar hutunka ce, ba wanda ya aike ka, ka sa takalminka ka fita. Duk sabon ma'aikacin da aka haɗa ka da shi, in safar hannunsa ta yage, taka kake ba shi ka saka tasa. Mutanen unguwa in ka gyara musu waya suka haɗa ɗan abin goro, sai ka ce su sayi ƙwan fitila su sa a lungun da mata ke bi zuwa famfo. Ni kaina in ka shigo gidana, kafin ka amsa gaisuwa sai ka duba inda na jona dutsen guga ka yi mini faɗa.

A shekarun baya-bayan nan ka koma ga allonka. Duk ranar da ba ka da aiki kana zuwa wurina da hantsi, ka zauna a kan tabarmar da ɗalibaina mata ke zama, ƙaton mutum da gemu, ka ci gaba daga inda ka tsaya tun muna yara. In na gyara maka wasali sai ka ce, "Malama, a yi mini a hankali, ni ɗan makarantar dole ne." Ka ce in an gama rigimar kamfanin nan za ka zauna ka ƙarasa, kai ma a yi maka barka. Allah bai nufa ba.

Shugaba, yanzu zan dawo gare ku, domin ba duk masu sauraro ne ma'aikatan wuta ba, kuma akwai ƙa'idar aikinku da ya kamata su sani. Yaya ya bayyana mini ita tun ban damu da ji ba. Kafin mutum ya hau turke, ana kashe layin daga tasha. Wanda ya kashe yana zaune a gaban makunni, ba ya tashi, ba ya miƙa wa wani, kuma ba ya mayar da wuta don an ce masa an gama. Ko manaja ne ya kira, ko duk unguwa ta taru tana zagi, ba ya taɓawa sai ya ji muryar wanda ya hau da kansa ya ce, "Na sauka." Sa'an nan ya ce masa, "Maimaita." In ya maimaita, sai ya kunna. Ran mutum ɗaya yana rataye a kunnen ɗan'uwansa.

Wanda ya riƙe wa Yaya makunni tun suna samari shi ne abokinsa, wanda kowa ke ce wa Mai Makunni. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki. Shi ya raka Yaya neman aure. A gidanmu in an zuba abincin Yaya, da nasa ake zubawa.

Da aka fara maganar sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa, sai suka rabu biyu. Na sha jin gardamarsu a tsakar gidana, tun tana da dariya har ta daina. Yaya yana cewa wuta kamar famfon unguwa ce, ba a mayar da ita hajar wani. Yana cewa mai neman riba ba zai ja waya zuwa unguwannin ƙarshen layi ba, inda mai fanka ɗaya da ƙwai biyu yake, kuma rabin ma'aikata za a sallama kafin shekara ta zagayo. Shi kuwa Mai Makunni yana cewa, "Kana gadin abin da ya riga ya mutu. Taransfomar da muka tarar muna yara ita muke lallaɓawa har yau. Nawa muka binne saboda ruɓaɓɓen turke? Mai kuɗi ko don ribarsa zai gyara." Yaya ya sa masa suna Dillali. Shi kuma ya sa wa Yaya Mai Gadin Kufai. Da farko wasa ne. Daga baya suka daina cin abinci tare, suka daina gaisawa a masallaci yadda suka saba, matansu ma suka rage ziyara. Wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye ba.

Ni ba ni da ilimin da zan raba wannan gardama. In aka tambaye ni, zuciyata tana wajen Yaya, don ni ma a ƙarshen layi nake. Amma akwai abin da na lura da shi. Duk tsananin gabar nan, Yaya bai taɓa yarda ya hau turke ba sai ya tabbata Mai Makunni ne a tasha. Na tambaye shi wata rana, na ce mutumin da ba ka gaisawa da shi, shi kake ba amanar ranka? Ya ce, "Kansa ne ya lalace, hannunsa lafiya lau."

Yanzu ga abin da ya faru ranar Talata. Zan faɗi abin da idona ya gani da abin da kunnena ya ji, ba zan ƙara ko wasali ɗaya ba.

Tun safe babu wuta a titinmu. Bayan azahar motar kamfani ta tsaya a gindin turken da ke gaban shagon tela, daura da ƙofata. Yaya ne da abokan aikinsa. Ya hau ya daɗe a sama, rana kuwa tana dukan mutum. Da aikin ya kusa ƙarewa ya ce wa sauran su tafi da motar titin baya su kwaso ragowar waya, shi zai tattara kayan nan. Ina jin haka sai na ɗebo ruwa a kofi na fito na tsaya a bakin ƙofa, don in cire masa wannan ƙorafin nasa na cewa ba mai ba shi ruwa.

Na gan shi ya kwance ɗamarar da ke riƙe shi da turke. Na gan shi ya sauko tsani a hankali, fiye da yadda ya saba. Na ga ƙafafunsa biyu a ƙasa. Ya ja tsanin ya kwantar da shi a gefen kwata, ya cire safar hannu, ya tura hular kwano baya, sa'an nan ya ciro waya. Tsakanina da shi bai fi tsawon tabarma ba. Ya ce, "Na sauka." Wayar tasa tana da ƙara, na ji muryar Mai Makunni ya ce, "Maimaita." Yaya ya ce, "Na sauka, Dillali. Kunna abinka kafin ka sayar." Na ji wancan ya yi 'yar dariya, ya ce, "Allah ya shirye ka, Mai Gadin Kufai." Rabon da in ji sun yi wa juna dariya har na manta.

Sai wuta ta zo. Rediyon tela ya kama magana, yara a cikin gidaje suka yi ihun da suka saba. Yaya ya karɓi kofin daga hannuna ya ce, "Yau dai na ci ribar sauka." Ya kurɓa sau ɗaya. Sai ya zauna a kan tsanin da ke kwance, ya dafe ƙirji ya ce, "Nan ne ke matsa ni tun ɗazu." Na ce in kira mota? Na ga leɓensa yana motsi, na durƙusa na kama kalmar shahada tare da shi, ya kishingiɗa a jikin bango. Kofin ya faɗi. Sai a lokacin na yi kururuwa.

Tela ya fito a guje. Da mutane suka taru suna tambayarsa, ya ce, "Wuta tana zuwa na ji ihu, na fito na tarar da shi a ƙasa." Bai yi ƙarya ba, bawan Allah, abin da ya sani ke nan. Amma kafin magariba maganarsa ta yi ƙafafu. Ta zama wuta ce ta jefo shi daga sama. Kafin a dawo daga maƙabarta ta zama Mai Makunni ya kunna da gangan, don ya kawar da wanda ya fi kowa tsaya wa masu saye a wuya. Likita ya ce zuciya ce, aka ce ai likitan kamfani ne. Waɗanda suka yi masa wanka sun ce ba ko tabon ƙuna a jikinsa, aka ce an ja musu kunne.

Na faɗi abin da na gani tun ranar farko, amma a ɗakin mata na faɗa, kuma maganar ɗakin mata ba ta cika tsallake labule ba. Na kira babban ɗansa na gaya masa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Goggo, kina cikin ruɗewa lokacin, ki huta." Ɗana, in kana sauraro, ban ruɗe ba. Macen da ta yi shekaru tana kama kuskuren wasali a bakin ɗalibai ba za ta kasa jin kalma biyu daga bakin yayanta ba.

Ga inda abin ya kai. Mai Makunni ya zo gaisuwa, aka tare shi a bakin ƙofa aka ce ya juya. An gaya mini ya tsaya a tsallaken titi ya ɗaga hannu ya yi addu'arsa shi kaɗai, sa'an nan ya tafi. An fasa tagogin gidansa da duwatsu. Matarsa ba ta iya fita cefane, 'ya'yansa mata sun daina zuwa wurina karatu. Jiya kuma aka kawo mana ƙyallen da kuka buga don zanga-zanga, wai mu gani mu sa albarka: hoton Yaya da hular kwano, a ƙasa an rubuta cewa an kashe shi a kan turke. An kuma ce mini hanyar da za ku bi ranar Alhamis ta ƙofar tasha za ta wuce, a lokacin da mutumin nan yake bakin aiki, kuma akwai samarin da suka rantse ba za su wuce su bar shi ba. Babban ɗan yayana yana cikinsu.

Shugaba, ni ba yarinya ba ce. Na san abin da ƙyallen nan zai yi muku. Na san mutanen da ba su damu da maganar sayarwa ba za su fito saboda shi, kuma na san abin da na rubuta zai rage wa taronku zafi a ranar da kuka fi bukatarsa. Wannan ya dame ni ƙwarai, don abin da Yaya ya ƙare ƙarfinsa a kai ke nan. Na yi ta juya abin a raina ko akwai hanyar da zan yi shiru ba tare da na ɗauki alhaki ba, ban samu ba. An karantar da mu nauyin shaida tun muna ƙanana, ni kuma nake karantar da wasu. Ku fita, ku ɗaga hotonsa, ku faɗi duk abin da yake faɗa a kan unguwannin ƙarshen layi da ma'aikatan da za a sallama. Ku faɗi safar hannun da ba a saya muku, da turakun da suka ruɓe. Ku ce ya mutu a bakin aiki yana da shekarun da ya kamata a ce ya huta, wannan ma gaskiya ne. Amma layin nan na ƙasan hoton a cire shi. Yaya bai mutu a kan turke ba. Ya sauka, ya faɗa da bakinsa, ya maimaita, sa'an nan aka kunna.

Yaya, ka yafe mini in na ɓata maka taro. Na san da kana nan da kai za ka fara tsayawa a ƙofar tashar nan, kana zaginsa Dillali, kana kuma hana kowa taɓa shi. Har yanzu in yamma ta yi sai in ga na ajiye waya kusa da ni.

Ya Allah, ga bawanka ya sauka gare Ka, Ka yi masa kyakkyawan masauki. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka haskaka kabarinsa kamar yadda ya wahala yana haskaka gidajen mutane. Ka ba shi ladan karatun da ya yi niyyar ƙarasawa bai samu iko ba. Ka haɗa shi da Inna da Baba a gidan rahama. Mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarsa, wadda ta yi shekaru tana wanke kayan aikinsa da addu'a a bakinta, Allah ya ba ta juriya. Ga 'ya'yansa maza da mata, Allah ya raya su a kan halinsa, ya sanyaya zuciyar babbansu, ya tsare hannunsa daga abin da ba ya gyaruwa. Ga abokan aikinsa baki ɗaya, masu son a sayar da masu ƙi, Allah ya saukar da kowannenku lafiya. Ga tsohuwar maƙwabciyarsa da ba ta da wanda za ta yi wa faɗa yanzu. Da kuma ga Mai Makunni, wanda ya rasa aboki aka kuma hana shi wurin zaman makoki: muryarka ce ta ƙarshe da Yaya ya yi wa wasa a waya, kuma ba ka saɓa ƙa'ida ba. Ƙofata a buɗe take gare ka da iyalinka.

Shugaba, roƙona ɗaya ne. In za a karanta takardar nan a taro, a karanta ta duka, tun kafin a fita, kada a tsaya a kan tsohuwa da fanka a tsallake ranar Talata. In kuma kun ga ba za ku iya ba, ba zan riƙe ku a zuciya ba, amma ku gaya mini da wuri. Ban taɓa ɗaga murya a gaban maza ba tun da nake, sai dai in ya zama dole zan sa mayafina in riga ku zuwa ƙofar tasha, in faɗa da bakina. Alhamis ta matso. Don Allah ku ba ni amsa kafin la'asar ɗin gobe.